Damin da Ɗan'azumi Ya Mayar

Ni na kai Ɗan'azumi Yamai a motata, ni kuma na dawo da shi, tsakanin tafiyar da dawowar shekara ashirin da ɗoriya. Shi ya sa in na ji ana labarinsa a tashar Kore Mairuwa ana ƙara masa gishiri sai raina ya ɓaci, don yawancin masu bakin ba su san kan zancen ba. Ni direba ne, a kan kwaltar Dogon Dutsi zuwa Yamai na yi furfura. Ɗan'azumi kuwa ɗaki ɗaya aka kwantar da mu lokacin kaciya, babu abin da zai ɓoye mini, babu kuma abin da nake jin nauyin faɗa masa.

Ubansa ya rasu ya bar masa gona guda a jigawar gabas da gari. Gona ce ta kirki, da wani tsohon gawo a tsakiyarta wanda shanun Fulani ke kwana ƙarƙashinsa da rani suna zuba mata taki. Shi kaɗai ne namiji a ɗakinsu, babu mai raba ta da shi. Yana nomanta kamar kowa, in an gama girbi ya rataya 'yar jakarsa ya tafi cin rani, in hadari ya fara haɗuwa ya dawo. Haka muka taso muka tarar a Arewa. Wasu su nufi Ikko, wasu Kwatano, shi kuwa ba shi da zuciyar nisa, Yamai ya tsaya. Ya yi ga-ruwa, ya yi dako a kasuwa, har wani ɗan garinmu ya ja shi wani fili a bayan gari, can wajen kogi, inda Turawa ke wasan golf.

Ranar da ya fara ba ni labarin wasan na ɗauka shirga mini ƙarya yake yi, sai da na je na gani da idona. Manyan mutane ne, masu furfura, masu mota mai sanyi, su fito cikin rana su bugi 'yar ƙwallo da ba ta fi ƙwan zabo ba da sandar ƙarfe, su bi ta a ƙafa cikin ƙaya da duwatsu, su same ta su sake bugunta, har ta faɗa wani ɗan rami. Daga nan sai su yi wa juna barka su nufi wani ramin. A ƙasashensu wai kan ciyawa ake yi, ciyawar da ake ba ruwa ana askewa ba don wata dabba ta ci ba. Nan kuwa ina ruwan da za a yi wannan ɓarna da shi? Kowa yana yawo da 'yar dardumar ciyawar roba, ya shimfiɗa, ya ɗora ƙwallon ya buga. Kewayen kowane rami kuma rairayi ne ake tankaɗewa, a kwaɓa shi da baƙin man mota, a daɓe ya yi sumul don ƙwallo ta gangara ba ta nutse ba. Na ce da shi, Ɗan'azumi, ka bar gari mai hankali ka zo kana yi wa mahaukata dako. Ya yi dariya ya ce mahaukatan suna biya.

Da ɗaukar jakar sanduna ya fara. Daga baya aka lura hannunsa na da kyau a kan rairayin nan, sai aka bar masa shi. Shi ke tankaɗe, shi ke kwaɓi, shi ke jan wani guntun kafet a bayansa yana zagaya ramin bayan kowane rukuni ya wuce, yana share sawun ƙafa. Ya iya aikin, kuma yana sonsa, wannan ba na musu. Matsalar ita ce aikin ya fi tsanani da damina, don ruwa ne ke wanke rairayin ya kai shi kwari, kullum sai an sabunta. Mukhtar, wanda ke kula da filin, ya kira shi ya ce in yana son albashi na wata-wata, da rigar aiki, da magani in ya kwanta, to sai ya daina gudu gida da ruwan farko. Ɗan'azumi ya kwana biyu yana juya maganar, ya amsa. Ya ɗauke matarsa Zalika ya kai ta Yamai, gonar kuma ya ba Habu aro, ɗan ƙanen ubansa, wanda ke da iyali da yawa da ƙasa kaɗan.

Aron gona a wurinmu yana da ƙa'ida guda, kuma kowane yaro ya san ta. Wanda aka ara wa, duk kaka, zai ɗauki dami ɗaya na hatsi ya kai wa mai gona, ido na ganin ido. Ba haya ba ce, dami ɗaya me zai yi wa gida? Shaida ce. Shi ke tuna wa gari, shekara bayan shekara, cewa mai noman daban, mai ƙasar daban. Ko hatsi bai yi ba a kan ɗaure ɗan abin da ya samu a kai. Dattawa na mutuwa, masu tuna yadda aka yi suna ƙarewa, amma muddin damin na tafiya babu mai gardama.

Habu bai yi wasa da ƙa'idar ba. Kaka ta fari da ta biyu ni na ɗaura damin a saman motata na kai Yamai, Zalika ta karɓa ta sussuke ta yi fura. A kakar da ta biyo, shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, na je gidan hayarsu na tarar ba kowa, sai na wuce filin da damin a kan mota. Ashe ranar gasa ce. Motoci sun cika wurin, an kafa tutocin kamfanoni, an jera kujeru. Ni kuwa na shigo da tsohuwar motata tana hayaƙi, dami a bisa. Masu ɗaukar jaka suka fashe da dariya suna nuna ni, wata Baturiya ta ɗaga na'ura tana ɗaukar hoto. Sai ga Ɗan'azumi ya taho da sauri cikin farar riga mai kwala da hular hana-salla, fuskarsa a murtuke.

"Mine ne wanga kuma, Direba?" in ji shi.

Na ce, "Damin gonakka na, Habu ya aiko."

"Nan za ka kawo man shi, gaban mutane? Maida mai. Ka ce kash shi sake wahal da kainai. Bana hatsi bai yi ba, ga ɗiya cike da gidanai, ni ko shinkahwa nika ci."

Na sauko daga mota na ja shi gefe. "Ɗan'azumi, wanga ba abinci ba na, ka sani. Ko kaji za ka watsa ma, amshe shi."

"Habu ƙanena na," ya ce. "Wa za shi shiga tsakaninmu?"

Aka kira shi daga wajen wani rami, ya juya da gudu yana jan kafet ɗinsa. In za a yi masa adalci, rabi kunya ce ta sa shi, rabi kuma tausayi ne na gaske, don Habu a shekarar yana cikin wani hali. Amma ni tun ranar na kira shi wawa, kuma ban janye ba. Na dawo da damin Kore Mairuwa ranar kasuwa, aka sauke shi a tasha jama'a na kallo. Habu ya tambaye ni har sau biyu ko na ji da kyau. Da kaka ta zagayo ya sake tambaya ko ya ɗaura, na kai saƙo, aka ce ya bari. Daga nan ba a sake ta da maganar ba.

Shekaru suka yi ta wucewa, kuma gaskiya shekarun daɗi ne. Wasan da nake yi wa dariya ashe bakuna da yawa ke ci a jikinsa. Ofisoshin jakadanci da kamfanonin haƙar ma'adinai da ƙungiyoyin agaji su ke biya wa ma'aikatansu kuɗin zama mamba. Bankuna da kamfanonin waya su ke ɗaukar nauyin gasa don a ga tutarsu. A ƙarƙashin wannan akwai masu ɗaukar jaka, da masu tsintar ƙwallayen da suka ɓata a daji su wanke su sayar, da mai gasa nama, da mata masu abinci a bakin ƙofa, da masu gadi. Ko baƙin man da Ɗan'azumi ke kwaɓi da shi kyauta yake zuwa, daga garejin manyan motocin ƙungiyoyin nan, ganga-ganga. 'Yan ƙasa ma sun fara shiga, 'yan kasuwa da likitoci da manyan ma'aikata, wasu don wasan, wasu don a can ake haɗuwa da masu ba da kwangila. Ɗan'azumi ya yi ƙiba, ya sa 'ya'yansa lakkol, makarantar boko ke nan, ya aurar da babbar 'yarsa a Yamai. In ya zo gida da salla yakan biya ta gonar ya tsaya ƙarƙashin gawo ya ce Habu na ƙoƙari, ya raba goro ya koma.

Shekarar korona ce ta fara girgiza su. Jirage suka tsaya, aka rufe filin wata da watanni, aka rage albashi. Da aka buɗe, mutane suka dawo, ko da ba duka ba, Ɗan'azumi ya ce mini ka gani, wannan wasa ba ya mutuwa, masu kuɗi ba sa ƙarewa a duniya. Na ce masu kuɗi ba sa ƙarewa, amma suna da fasfo.

Sai ga shekarar da sojoji suka karɓi mulki. Maƙwabta suka ƙaƙaba mana takunkumi, aka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wuta, kaya suka maƙale a hanyar Kwatano, banki ya koma ba ka kuɗinka da ɗan cokali. Gwamnati kuma ta ce sojojin Faransa su tattara su tafi, ofishin jakadancinsu ya rufe, masu ba da tallafi suka ɗauke hannu, ƙungiyoyi suka riƙa naɗe tabarma ɗaya bayan ɗaya. Ba zan yi munafunci ba, ranar da aka ce baƙin soja sun tafi ni ma na danna oda a tasha, har yau kuma ban ce su dawo ba. Abin da ke ƙona mini rai shi ne, daga masu sa takunkumin har masu mayar da martani babu wanda ya kwana da yunwa ko sau ɗaya. Mu ne a ƙasa muka ji a jikinmu, ni da fasinja suka ƙare mini, da irin su Ɗan'azumi da babu wanda ya tuna da su ko a cikin masu asara. Wa zai tsaya a rediyo ya yi kukan mai share rairayin golf?

Filin bai mutu rana ɗaya ba, zubewa ya riƙa yi. Turawa suka tafi da kuɗin mambansu. Kamfanoni suka ce ba wannan ne lokacin gasa ba. 'Yan kasuwar da ke zuwa, kayansu na ruɓewa a bakin iyaka, wa ke da zuciyar bin ƙwallo? Manyan ma'aikata kuwa tsoro ne ya hana su, kada a gan su da sandar Turawa a hannu alhali talaka na layin shinkafa. Ƙwallaye da sanduna suka daina shigowa. Manyan motocin da ke ba da baƙin mai suka bar gari, ɗan wanda ya rage masu gareji suka fara sayarwa. Ko da aka ɗage takunkumin daga baya, waɗanda suka tafi ba su dawo ba.

Na biya ta wurin wata ranar Lahadi da hantsi, ranar da a da ba ka samun inda za ka ajiye mota. Na tarar da Mukhtar zaune shi kaɗai a rumfa yana korar ƙuda, mai nama ya tashi, matan abinci sun tashi. Can nesa na hango Ɗan'azumi yana zagaya wani rami da kafet a bayansa. Babu sawun ɗan Adam a kan rairayin, sawun shanu ne da awaki. Ya gama ya wuce rami na gaba, ni ina biye da shi ina masa tsiya ko zai yi dariya, bai yi ba. Rairayin ya bushe don rashin mai, iska na kwasarsa tana barin tsakuwa.

"Wa kaka share ma?" na tambaye shi.

"In wani ya zo hwa?" in ji shi. "Shi iske wuri kamar kango?"

Ba a daɗe ba Mukhtar ya tara ma'aikata, idonsa cike da ƙwalla, ya ce 'yan mamban da suka rage ba za su iya riƙe kowa ba sai masu gadi. Ba shi da abin sallama. Ya ba Ɗan'azumi wata tsohuwar jaka da sandunan da wani Bature ya gudu ya bari. Ɗan'azumi ya nemi wani aikin a Yamai bai samu ba, garin cike yake da direbobi da masu girki da masu gadin da iyayen gidansu suka tafi, kuma a cikinsu shi ne mai sana'ar da babu mai buƙata. Mai gidan da suke ciki ya fara maganar kuɗin haya. Ana saura kaɗan ruwa ya sauka na loda su a motata, shi da Zalika da ƙananan yaran da katifu, jakar sandunan a bisa inda damin ya taɓa zama. Duk tsawon hanya, daga Dosso har muka shigo gari, maganarsa ɗaya ce: Allah ya sa yana da gona. Ni dai na riƙe sitiyarina.

Ya gyara ɗaki guda a kangon gidan ubansa, ya huta kwana biyu, ya tafi wurin Habu. Habu ya tarbe shi da fura, ya yi masa jaje, amma da aka zo maganar gona sai ya sunkuyar da kai ya ce sai ya yi shawara da yara. Yaran nan kuwa sun zama magidanta. Babbansu Abdussalamu ɗan kasuwar hatsi ne, mai gemu da ɗangalallen wando, ba ya cin haƙƙin kowa, ba ya kuma barin nasa ko ƙwayar gero. A gonar nan ya koyi riƙon hauya, shi ya yi ta jigilar taki da amalanke har ta zama abin da ta zama, kuma tuni uban ya yanka wa kowane ɗa gefensa. Ya ce shi tun da ya yi wayo bai taɓa ganin dami ya fita daga gonar zuwa gidan kowa ba. Ba ƙarya ya yi ba.

Magana ta kai gaban mai gari. Aka zauna a rumfar ƙofar gidansa da hantsi, gari ya taru. Dattawan da aka yi aron a gabansu duk sun riga mu gidan gaskiya, ni kaɗai na rage wanda ya taɓa damin da hannunsa. Aka kira ni, na ce gonar uban Ɗan'azumi ce, aro ce, ni na kai damin Yamai da motata. Na ga fuskar Ɗan'azumi ta saki. Sai Abdussalamu ya gyara zama ya dube ni cikin ladabi.

"Kawu Direba, ka ji tsoron Allah. Damin ƙarshe da kak kai, ina yak kwana?"

Na ce nan Kore Mairuwa.

"Wa am maido shi?"

"Ni."

"Wa as sa ka?"

Na dubi abokina. Da ƙarya na da amfani a wurin, wallahi ban san abin da zan yi ba, amma rabin tsofaffin tasha sun ga an sauke damin. Na faɗi abin da ya ce, kalma da kalma, har da shinkafar. Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa, na ji kamar in shaƙe su.

Ɗan'azumi ya miƙe tsaye. "Ranka shi daɗe, tausai nai niy yi. Yunwa aka yi shekaran nan. Habu, ka hwaɗi, ba tausanka niy yi ba?"

Habu bai ɗaga kai ba. "Ka yi, Yaya," in ji shi.

Mai gari ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce bai ƙaryata kowa ba, amma shi da abin da gari ya gani yake hukunci. Gari ya ga mai gona ya mayar da dami da bakinsa, ya ce kada a sake kawowa, an yi kaka fiye da ashirin bai nema ba, an haifi yara a kan gonar sun haifi nasu. In ya tayar da gidaje uku yau, gobe duk wanda ya taɓa yin kyauta zai dawo ya ce aro ce. Gona ta zauna a hannun masu nomanta. In Ɗan'azumi bai gamsu ba, hanyar Tibiri a buɗe take, akwai alƙali. Kowa a wurin ya san mutumin da ya dawo da katifa da sandunan ƙarfe ba zai iya jelen shari'a ba.

Sai mai gari ya roƙi Habu, don zumunci, ya yanka wa ɗan'uwansa wani gefe ya shuka. Habu ya amsa da sauri, kamar dama jira yake. Abdussalamu ma ya ce ya yarda, a ba Baba Ɗan'azumi gefen arewa har zuwa gawo, amma aro, kuma a bi ƙa'ida: duk kaka ya kawo dami ɗaya ƙofar gidansu, gaban shaidu. Yaron ya koyi darasin da kyau, daga kuskuren wanda ke tsaye a gabansa. Ɗan'azumi ya dube shi, ya dubi Habu, ya sa takalminsa.

"In kai dami ga gonar ubana?" ya ce. "Ku riƙe."

Na bi shi har gida ina masa faɗa. Na ce ka karɓa, ka shuka, yara su ci, girman kai ya ishe ka haka. Zalika ma ta yi kuka ta roƙe shi. Ya ce ranar da ya ɗora damin nan a kansa ya kai, ranar ya sa hannu cewa ubansa bai bar masa komai ba. A nan kam ba wauta yake yi ba.

Ruwa ya sauka, kowa ya fita shuka, shi yana zaune. Ya gwada ƙwadago a gonakin mutane, amma gadon bayan da ya yi shekara ashirin bai sunkuya wa hauya ba ya ƙi, kafin azahar samari sun bar shi a baya, masu gona suka daina kiransa. Zalika ta kafa kaskon ƙosai a bakin kwalta, da ɗaya daga sandunan Baturen take gyara wuta. Yaran da suka tashi da Zabarmanci da Faransanci a baki suka zama abin tsokana a unguwa, 'yarsa Ruƙayya da ke gab da jarrabawa ta koma tallan ƙosai. Shi kuwa kullum da safe sai ya ɗaura igiya a wani tsohon buhu ya ja shi a tsakar gida, ya zagaya, ya zagaya, har rairayin ya kwanta sumul. Duk garin babu tsakar gida mai kyan tasa, babu kuma rumbun da ya kai nasa zama fayau.

Duk dawowata daga Yamai yana tasha yana jirana, tambayarsa ɗaya, ko na biya ta fili, ko an fara dawowa. Tun ina cewa ban samu zuwa ba har na gaji na faɗa masa abin da na gani. Ciyawa ta rufe ko'ina, masu gadi sun shuka wake da kuɓewa a gefe, komai ya yi kore shar. Wuraren da ya yi ta kwaɓawa da mai ne kaɗai suka ƙi, suna nan baƙaƙe a kewayen ramukan, ko tsinke bai fito ba.

Ya ce, "Ai ba ta tsirowa. Na kwaɓa ta da kyau."

Kaka ta zo, hatsi ya yi a gabas da gari, gonar gawo ta fi kowace. A lokacin gidan Ɗan'azumi an kai ga cin abinci sau ɗaya, wannan daga bakin Zalika na ji, shi ba zai faɗa ba. Wata ranar kasuwa da la'asar muna zaune ni da shi a ƙofar gidansa, sai ga amalanke ta karyo kwana, Abdussalamu na riƙe da jakin, dami guda babba a kai, ɗaurin gonar gawo. Habu na tafe a baya nesa kaɗan, kamar wanda aka tilasta. Maƙwabta suka fara leƙowa.

Na ga Ɗan'azumi ya miƙe a hankali. Na ga abin da ya zo masa a rai, don ni ma shi ya zo mini: dami ɗaya, daga gonar, da rana tsaka, gaban mutane. Hannunsa ya kama kafaɗata. Fuskar nan da ban ga haƙoranta ba tun Yamai ta fara buɗewa.

Abdussalamu ya yi sallama, ya gaishe mu da ladabi, ya sauke damin. Sannan ya juya wajen maƙwabta ya ɗaga murya yadda na ƙarshen layi zai ji.

"Jama'a ku shaida, zakka ta. Zakkar hatsinmu ta bana, mun ga Baba ya hi kowa cancanta. Ba wani abu ba na, zakka ta."

Habu ya juya fuska wajen bango. Ni jinina ya hau, na buɗe baki zan yi magana, Ɗan'azumi ya matse mini kafaɗa. Na san abin da ke ransa, ya taɓa mayar da dami daga wannan gonar lokacin da ƙafarsa ke cikin takalmin Turawa, kuma bakinsa bai manta yadda ake faɗa ba. Daga cikin gida aka ji ƙaramin yaronsa na tambayar uwar ko hatsi ne aka kawo. Zalika na tsaye a bakin zaure da zane a baki, kallonsa kawai take.

Ya saki kafaɗata. Ya tako ya tsaya gaban damin, ya daɗe yana kallon zangarniyar.

"Allah shi amsa," ya ce. "Allah shi ƙara ma gonakku albarka."

Na matsa zan kama masa, ya ce in bari. Ya durƙusa, ya ɗora damin a kansa da kyar, ya miƙe, ya bi ta kan rairayin da ya share da safe ya shiga da shi ciki.